Amsoshin Tambayoyinku: Mazaɓa Ta 2 A Birnin Toronto

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: shin da gaske ne akwai mazaɓar kansila a Kanada da gida ɗaya ya riƙe har aka rushe ta?

To malam, da gaske ne. Ita ce tsohuwar Mazaɓa ta 2 ta Etobicoke ta Arewa, a birnin Toronto. Rob Ford ya lashe kujerar a 2000, ya riƙe ta har 2010 da ya zama magajin gari, sai yayansa Doug Ford ya gaje shi. A 2014 rashin lafiya ta sa Rob ya janye daga takarar magajin gari, ya sake cin kansila. Da ya rasu a 2016, ɗan 'yar'uwarsu Michael Ford ya ci zaɓen cike gurbi.

Abin mamaki, Doug ɗin ne ya rushe mazaɓar. Da ya zama firimiyan lardin Ontariyo a 2018, ya rage mazaɓun birnin zuwa 25, aka haɗe ta da maƙwabciyarta. A 2021 Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar da matakin.

Da fatan ka gamsu, malam.