Shin Ya Halatta Ka Yi Wa Ɗanka Aikin Gida Na Makaranta?

'Yan uwa, akwai tambayar da iyaye suke yawan turo min, musamman mata: yaro ya dawo da aikin gida, ya kasa, yana ta kuka, dare ya yi, gobe malami zai duba. Idan na karɓi fensir na yi masa, na yi laifi?

A fahimtata, taimaka masa aikin lada ne. Amma ka rubuta amsa, yaro ya kwafa ya kai da sunan shi ya yi, wannan ha'inci ne, ko da tausayi ne ya sa ka.

Malami yana ba da aikin gida ne don ya gane inda yaro ya tsaya. Idan littafi ya koma masa babu kuskure ko ɗaya, zai ɗauka an fahimta, ya wuce gaba. Yaron da bai iya ninkawa ba sai a shiga rabawa da shi, giɓin ya yi ta faɗi.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, sai ya ji danshi a ƙasa, an rufe shi da busasshe. Ya tsawatar masa, ya nuna mai ha'inci ba ya kan tafarkinsa. To littafin da aka cika da amsar uwa ko ta yaya, ina bambancinsa da wancan tarin?

Mu tuna makarantar allo. Ba a wanke allo sai yaro ya biya da bakinsa a gaban malam, babu uban da yake biya wa ɗansa. Boko ma haka ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, yaro shi kaɗai a gaban na'ura. Wanda ya saba a gida ana ba shi amsa, shi ne gobe zai nemi satar amsa a WAEC ko NECO, bai ga laifinta ba, don a hannun iyayensa ya fara koya.

To yaya za a yi?

1. Ka sa shi ya karanta tambayar da ƙarfi. Sau da yawa Turancin ne bai gane ba, sai ka fassara masa da Hausa.

2. Ka yi masa misali da wani lissafin daban. In an ce 24 a raba 6, kai ka nuna masa 12 a raba 3 da ƙwayoyin wake, ka bar masa nasa.

3. In ya yi ƙoƙari ya kasa, ka bar kuskuren a littafin, ka rubuta wa malami cewa a nan ya maƙale.

4. A yi aikin bayan la'asar, ya ci ya huta. Bayan isha'i barci ne a idonsa.

5. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Wani yaron ba daƙiƙi ba ne, allon aji ne ba ya gani.

Ban da duka da zagi. Tsoron bulala shi ke sa yaro ya roƙi a yi masa.

Malamai kuma, ku ji tsoron Allah. Kar ku ba ɗan aji biyu aikin da kun san sai babba ne zai iya, sannan ku doke shi in bai kawo ba. Ku ne kuke tura iyaye ga wannan.

Wanda bai yi boko ba kar ya ce ba shi da abin yi. Ka zauna kusa da shi, ka ajiye waya, ka ce ya koya maka abin da aka yi yau.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.