Idan an ɗora maka harajin da ya wuce ƙima

Ɗan kasuwar Dutsi, kada ka tsaya cacar baki da mai karɓar haraji a bakin rumfa. Nemi rasit mai hatimi, ka adana shi. Rubuta koke zuwa ofishin da ya yanka maka kuɗin, ka riƙe kwafi.

In sun yi biris da kai, nufi ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a Katsina. Tun 1975 aka kafa hukumar, kuma ba a biyan ko sisi. Sai dai kada ka bari shekara ta wuce da faruwar abin, kuma hukumar ba ta shiga maganar da ke gaban kotu.

Dokokin haraji na 2025 ma sun samar da ofishin sasanci mai cin gashin kansa tsakanin mai biya da masu karɓa. Ko'ina ka je, rasit za a fara tambayarka.