Darasin Wannan Wata: Yaro Ya Sake Jarrabawar JAMB Ko Ya Karɓi Abin Da Ya Samu?

Wani manomi yana da ɗa wanda ya gama sakandare. Yaron yana son ya zama likita. Ya zauna jarrabawar shiga jami'a, ya sami maki 190. Jami'ar da ya zaɓa ba ta ɗauke shi a fannin likita ba. Yaron ya ce zai sake jarrabawa baɗi. Uban ya rasa abin da zai ce masa, domin kuɗin rajista da na mota daga rumbu suke fita. Irin wannan matsala tana samun gidaje da yawa a karkara. Wannan darasi zai taimaka wa iyaye su yanke shawara da sani.

Mece ce JAMB?

JAMB hukuma ce ta Gwamnatin Tarayya. An kafa ta a 1978. Ita ce ke shirya jarrabawar shiga jami'a da sauran manyan makarantu. Ana yin jarrabawar sau ɗaya a shekara. Ɗalibi yana amsa darussa huɗu: Turanci, wanda dole ne, da wasu uku da suka dace da fannin da yake so. Jimlar maki 400 ne. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta.

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai. Ba a ajiye shi kamar hatsi. Wanda ya sake jarrabawa, makinsa na bara ya tafi. Idan na bana ya fi ƙasa, da shi za a yi masa hukunci.

Maki nawa ake bukata?

A 2025 an sa 150 a matsayin maki mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, da 100 na kwalejin ilmi da kwalejin fasaha. Amma wannan ƙofar gari ce kawai. Kowace jami'a tana sa nata makin. Fannin likita da na lauya masu nema sun yi yawa, gurbi kaɗan ne, saboda haka makinsu yana da tsawo ƙwarai. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna, kuma mafi yawansu ba su kai 200 ba. Ashe mai 190 ba daƙiƙi ba ne, sai dai makin bai isa likitanci ba.

Tambayoyi huɗu kafin a sake

Ta farko: takardar sakandare ta cika? Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci. Fannonin kimiyya suna neman Lissafi ma. Idan takardar ba ta cika ba, ko yaro ya ci 300 a JAMB ba zai shiga ba. Ita za a fara gyarawa.

Ta biyu: tazarar nawa ce? Yaron da ya rasa maki kaɗan yana iya cike su da ƙoƙari. Wanda ya rasa maki masu yawa yana bukatar malami da littattafai da watanni na karatu.

Ta uku: me ya jawo faɗuwar? Idan rashin lafiya ne, ko rashin sabo da kwamfuta, wannan yana da magani. Yaro zai iya zuwa gari ya koyi taɓa ta kafin ranar jarrabawa. Wani lokaci ma laifin ba na yaro ba ne. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa na'urori sun sami matsala a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ɗalibai 379,997 aka ba damar sakewa. Amma idan yaro bai san dalilin faɗuwarsa ba, kuma ba zai canza yadda yake karatu ba, mai yiwuwa ne ya sake samun abin da ya samu.

Ta huɗu: akwai wata hanya a bana? JAMB tana yarda ɗalibi ya canza makaranta ko fanni, idan ya biya kuɗin canji a cibiyar da ta amince da ita. Maki 190 yana iya buɗe ƙofar wani fannin. Akwai kuma shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Wanda ya ci shi da kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Idan an ba yaro gurbi

Idan makaranta ta ɗauki ɗalibi, JAMB tana nuna masa a shafinta na intanet, ya karɓa ko ya ƙi. A nan ake bukatar natsuwa. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Gurbin da aka ƙi ba ya jiran mutum har baɗi.

Shi wannan manomi ya ɗauki ɗansa, suka je wurin shugaban makarantarsu da takardun yaron duka. Suka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya kafin a sayar da ko buhu guda. Haka ya kamata kowane uba ya yi, ga ɗa namiji ko mace.

Tambayoyi don aji

1. Darussa nawa ake amsawa a JAMB?
2. Sakamakon JAMB yana aiki shekara nawa?
3. Me za a fara dubawa kafin yaro ya sake jarrabawa?