Yadda Kafinta Ke Haɗa Katako da Gam a Kwanakin Hunturu

Idan watan Disamba ya kama, iskar Hamada ta lulluɓe ƙasar Agiye da maƙwabtanta da hazo, tun daga Gazawa har can Gidan Rumji yamma da Maraɗi, a sa'an nan ne aiki kan yi wa kafintoci yawa, domin an kawar da amfanin gona, kuɗin wake da gyaɗa sun shiga hannu, iyayen amare suna ta neman gado da kabad. A sa'an nan ne kuma farin gam, wanda ba ya ba da wahala a bazara, ya fi saurin kunyata mai sana'a.

Wajibi ne a fahimci ɗabi'ar wannan gam tukuna. Asalinsa wani sinadari ne da Bajamushe Fritz Klatte ya gano a 1912, abin da ke cikin gwangwani kuwa ruwa ne da ƙananan ƙwayoyin roba ke yawo a cikinsa, waɗanda in katako ya tsotse ruwan sai su matso juna, su narke, su zama fata guda mai riƙe ɓangarorin biyu. Sharaɗin narkewar nan shi ne ɗumi. In zafi ya gaza wajen digiri 10, ƙwayoyin kan taurare, ruwa ya tafi ya bar su ba su haɗu ba, sai a ga mahaɗin ya yi fari fat kamar alli, yana marmashewa. A ƙasar Maraɗi sanyin asuba na Janairu kan sauko wajen digiri 12 ko 13, wani dare ma ƙasa da haka, katakon da ya kwana bisa siminti cikin rumfar kwano kuwa yakan riƙe sanyin nan har hantsi.

Saboda haka aikin tun daren jiya yake farawa: a shigar da gam da katakon cikin ɗakin ƙasa, wanda bangonsa ke ajiye ɗumin rana. Katakon da bai daɗe da zuwa daga kudancin Nijeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ba, a jingine shi a inuwa 'yan makonni, gama da laimarsa yake zuwa, in aka gaggauta haɗa shi zai tsuke ya yage mahaɗinsa da kansa.

Da safe a yi yanka da gogewa, a gwada haɗin ba gam, a tabbata fuskokin sun zauna ba tare da haske na ratsawa ba. In hantsi ya yi, a shimfiɗa su a rana har tafin hannu ya daina jin sanyinsu. Kada a kusantar da su ga wuta, domin za su kantare. A share ƙura da busasshen tsumma, kuma kada a tsinka gam da ruwan randa don an ga ya yi kauri, a bar shi ya sha rana ya saki.

Wurin shafa gam ne mas'alar ta fi wuya, domin hunturu sanyi ne haɗe da bushewa. Iskar tana busar da bayan gam nan take, alhali cikinsa ɗanye ne, ga shi sanyi na jinkirta shi, sai almajirin sana'a ya taɓa ya ji ya bushe, ya zaci an gama. Don haka a kafa zana ta gefen da iska ke bugowa, a shafa gam ga fuskokin biyu daidai wa daida, a haɗa kafin minti 5 su wuce, a matse da ƙarfen matsi ko tsohuwar robar taya har gam ya tsattsafo siriri a tsawon layin, kada a wuce haka, don kada a tatse shi duka. A kammala kafin azahar, haɗin ya sami zafin yini. Wanda aka yi bayan la'asar cikin sanyin dare zai yi ƙoƙarin kamawa.

Wasu kan ce ai ƙusa za ta riƙe. A ganina wannan ha'inci ne ga mai saye, wanda kujerarsa za ta fara girgiɗi tun damina ba ta faɗi ba.

Matsin da sa'a 1 ke isarsa a bazara, a hunturu sai a bar shi ya kwana cikin ɗaki, a rufa masa buhu ko tsohon bargo, kada kuma a ɗora masa nauyi sai bayan sa'a 24, in da hali kwana 2. Mai lura yakan haɗa wasu guntaye biyu da gam ɗin nan a lokaci guda, ya ajiye su gefen aikin, washegari ya sa guduma ya raba su: in naman katakon ne ya tsage, aiki ya kama, in kuwa layin gam ne ya buɗe da farin gari, sai a warware haɗin, a kankare shi har a kai ga tsabtataccen katako, a jira hantsi a sake.