DARASIN WANNAN WATA: 'YAN MAKARANTA DA TSAFTAR UNGUWA

Darasinmu na wannan wata a kan wani aiki ne da 'yan makaranta za su iya yi wa unguwarsu ba tare da an kashe kuɗi ba. Za mu ɗauki unguwar Gesse ta Birnin Kebbi mu yi misali da ita, amma abin da za mu faɗa ya shafi Argungu da duk garuruwa da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Rima. Malamin aji ya karanta a hankali, ɗalibai su bi shi, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Me ya sa muka damu?

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta yi binciken zazzaɓin cizon sauro a duk faɗin ƙasar nan. An gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A Jihar Kebbi an sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin kowane 100. A lokacin babu jihar da ta kai mu yawa. Wato a wancan lokaci idan ka tara ƙananan yara biyu, kusan ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ita. A shekarar 2021 ɗin kuma cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000.

Cututtukan nan biyu duk suna da alaƙa da ruwa. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa. Amai da gudawa kuwa tana zuwa ne idan ƙazanta ta shiga ruwan sha ko abinci.

Ina ruwan yake kwanciya?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ya cika ya batse. Unguwanni irin su Gesse sun bunƙasa, gidaje sun yi yawa, shara ma ta yi yawa. Mafi munin sharar ita ce leda, domin ba ta ruɓewa. Iska ta kwashe ta ta zuba a lambatu, yashi ya hau kai, lambatu ya toshe. Idan ruwan Agusta ya sauko sai ya rasa hanya, ya kwanta a ƙofar gida da cikin lungu. Haka nan ramin da aka haƙa don yin tubali, da tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshiyar randa, duk suna riƙe ruwa. Ledar nan kuma ita ce akuya ke haɗiya, ta yi ta ramewa har a yanka ta a asara.

Wata guda ya yi nisa

Manya daga cikinmu ba su manta da zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a ba, wanda gwamnatin Janar Buhari ta fara a 1984. Daga nan ne aka saba da fitowa shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Abu ne mai kyau, amma ga inda gizo ke saƙa. Idan macen sauro ta saka ƙwai a ruwa, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai tashi, musamman lokacin zafi. Saboda haka wanda ya jira ƙarshen wata ya bar sauro ya ƙyanƙyashe sau uku kafin ya ɗauki tsintsiya.

Nan ne amfanin 'yan makaranta yake. Su ne suke bin lungunan nan safe da rana, sun san inda kowane kududdufi yake. Idan suka zagaya sau ɗaya kowane mako, sauron da ke ruwan ƙofar gida ba zai sami damar yin fiffike ba.

Yadda za a tsara aikin

1. Shugaban makaranta ya fara sanar da mai unguwa da iyayen yara. Kada a fito da yaro ba da yardar iyayensa ba.
2. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, goma-goma, kowace da malami ko wani babba. A ba kowace ƙungiya lungu ɗaya, ya zama nata.
3. Ranar farko a zagaya da takarda da fensir, a zana lungun, a sa alama duk inda aka ga ruwa a kwance ko tarin shara.
4. A tsayar da rana ɗaya a mako, awa ɗaya da sanyin safiya. Kayan aiki su ne tsintsiya, da manjagara, da buhu, da baro idan akwai.
5. A kife gwangwani da taya da duk abin da ke riƙe ruwa. A cike ƙananan ramuka da ƙasa.
6. A ware shara kashi biyu. Ganye da ɓawo da kashin dabbobi su tafi ramin taki, manomi zai gode. Leda da roba a zuba a buhu, a kai wurin da hukuma ta keɓe. Kada a ƙona leda kusa da gida, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.
7. Da an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Rabon manya

Akwai aikin da ba na yaro ba ne. Kada a sa yaro ya shiga lambatu mai zurfi. Kada ya taɓa allura, ko fasasshiyar kwalba, ko mushe. Kada ya ɗaga tsohon juji da hannu, domin kunama da maciji suna fakewa a ciki. Kowane yaro ya sa takalmi. Yashe babban lambatu aikin gayya ne na magidanta da samari, kwashe bola kuma aikin hukuma ne. Zanen da yaran suka yi shi za a miƙa wa mai unguwa da duba-gari, su san inda za su fara. Abin kunya ne yaro ya share lungu da safe, da yamma babba ya fito ya juye shara a wurin.

A kuma sani, mu mutanen fadama ne. Sauron da ke tashi daga gonakin shinkafa ba tsintsiya ce za ta kore shi ba. Don haka a ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Tun Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, ana fara yi wa jariri daga wata 5. Uwa ta tambaya a asibitin da ke kusa da ita.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ƙwan sauro yake yi kafin ya zama sauro?
2. Me ya sa sharar ƙarshen wata kaɗai ba ta isa ba?
3. Faɗi abubuwa uku da bai kamata yaro ya taɓa ba.
4. Lissafi: yara 40 sun fito, kowa ya tsinci leda 25. Leda nawa ke nan?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zagaya gidansa, ya ƙirga wuraren da ruwa ya kwanta, ya rubuta adadin, ya kawo aji. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.