Jiƙon Gida da Ƙwayar Asibiti

Aikina ba da magani a kemis, kuma dattawan da ke zuwa karɓar ƙwayar hawan jini ko ta suga kusan kowa yana da wata gora a ɗaki. In na ce, "Baba, ban da wannan me kake sha?" sai ya ce babu komai. 'Yarsa ce za ta tuna masa da jiƙon da aka aiko daga Bawku, da kwalbar da ya saya a motar haya, wato trotro.

Ba gaba nake yi da maganin gargajiya ba. Cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong Akuapem tana aiki tun 1975, jami'ar KNUST a Kumasi kuma tana ba da digiri a wannan fanni. Damuwata jikin tsoho ne. Ƙodar mai shekara 70 da hantarsa ba sa fitar da magani da sauri kamar na matashi, sai abin da ya sha da safe ya tarar da na dare a cikin jini.

Zoɓo, wato sobolo, yana sauke jini. Hajiya ta sha mai kauri kullum, ta ɗora ƙwayar likita a kai, jiri ya kwashe ta a bayi, ƙugu ya karye. Mai shan warfarin, ƙwayar hana daskarewar jini, da ya yawaita tafarnuwa da citta, zubar jini ke jiransa. Shuwaka da habbatussauda suna iya rage suga. A haɗa su da ƙwayar suga ta glibenclamide, ga azumi, sai gumi da rawar jiki, wani har suma.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin ƙarfin maza. An sha gano sildenafil, ƙwayar asibiti ta ƙarfin maza, ɓoye a cikin irinsa, kuma in ya gamu da ƙwayar ciwon zuciya ta ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa nan take. Alhazai, kunyar faɗa ba ta kai asarar rai ba.

Ku duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna, wato FDA, a jikin kwalba. Amma lambar ba ta san sauran ƙwayoyin da kuke sha ba. Ranar zuwa asibiti, 'ya'ya ku kwashe duk abin da tsohonku ke sha, har sassaƙe da ƙulli, ku zube a gaban likita. Kada kuma a ajiye ƙwayar hawan jini don wani ya ce jiƙonsa ya warkar da shi.