Yadda ake ɓoye bakin zare idan an gama faci

A Magama ta Jibiya, inda motocin Katsina ke tsayawa kafin su haura Ɗan Isa su miƙi hanyar Maraɗi, tufa ba ta daɗewa a jiki. Buhu ne ke cinye kafaɗar rigar ɗan dako, ɗan acaɓa hantsar wandonsa ke fara buɗewa, direba kuwa aljihu. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, wanda bai ƙare a nan ba sai Afrilun 2022, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun sa mutane da yawa riƙon tsohuwar riga da faci. Abin takaicin shi ne, faci da yawa ba ya wuce wanki biyu. Idan aka juya cikin rigar, sai a tarar ɗinkin lafiya lau yake. Bakin zaren ne ya zame, sauran ya bi shi.

Shirin ba shi da wuya: allura siririya, almakashi mai kaifi, da zare mai kala da kaurin na tufar, tsawon kamu ɗaya. 

A juya tufar ta ciki. Kada a fara da ƙulli. A soka allura kamar inci ɗaya nesa da hujin, inda yadin ke da sauran ƙarfi, a bar wutsiyar zare ta inci uku tana lilo. Idan saƙar huji ake yi, wato jera zare a tsaye sannan a ratsa shi a kwance, a riƙa barin ɗan sako-sako a kowace juyawa, don zaren auduga yana tsukewa a wankin farko.

Wurin da aikin ke lalacewa shi ne ƙarshe. Mai gaggawa yakan murɗa ƙulli ƙato, ya datse zaren a gindinsa da reza ko da haƙori. Wannan ƙullin ba shi da abin da ke riƙe da shi. Cuɗar mai wanki tana sassauta shi, dutsen guga yana fito da tabonsa a fuskar riga, idan kuma shadda ce aka kai wa masu bugu, a kan ƙullin nan yadin zai fara cinyewa.

Gwanin tela yakan tsaya tun zaren na da sauran inci huɗu a allura. Sai ya yi ƙananan ɗinki biyu ko uku a wuri ɗaya, kowane yana komawa baya kan ɗan'uwansa. A na ƙarshen ba ya ja har ƙarshe. Yakan bar ɗan zobe, ya zura allura a ciki, sannan ya ja a hankali har ya kwanta. Daga nan ya cusa allurar ƙarƙashin ɗinkin da ya riga ya yi, ko cikin ninkin kalmasa, ya bi kamar inci ɗaya, ya juyo ya koma rabin hanya. Juyowar nan ita ce makullin, domin zaren da ya tafi ya dawo ba ya zamewa idan an ja tufar. Sai ya ɗan ja zaren, ya yanke daf da yadi, ya miƙe wurin da yatsa, bakin ya shige ciki da kansa. Haka zai yi wa wutsiyar da ya bari tun farko.

Idan wutsiyar ta yi gajarta, ba a ƙulla mata wani zare. A fara soka allurar babu zare, a tura ta har kunnenta ya zo kusa da wutsiyar, a zura, sannan a ja.

Facin keken ɗinki ma yana da nasa. Butterfly da yawancin kekunan kasuwa suna da abin komawa baya, tafiya uku ta isa. Tsohon keken da ba shi da shi, a bar allura cikin yadi, a ɗaga ƙafar keken, a juya tufar a maimaita. A gaban riga, inda ninkin ɗinki zai yi muni, a ja zaren ƙasa ta ciki. Na sama zai leƙo kamar ɗan zobe, a fito da shi da tsinin allura, a ɗaure su sau biyu, a ɓoye su tare.

Sai batun ashana, da wasu suka mayar hanyar gama kowane ɗinki. Zaren roba ne kaɗai ke narkewa, shi ma ya bar ɗan dunƙule mai kartar fata, wanda ke karyewa bayan 'yan wanki. Na auduga ci yake da wuta. Kayan gwanjo da yawa kuma roba ce a cikinsu, harshen wuta ɗaya zai buɗe sabon huji kusa da wanda aka toshe. A bakin titin da 'yan bumburutu ke jera galan-galan na fetur kuwa, bai kamata ma a ƙyasta ashana ba.

Kafin a miƙa wa mai kaya, a kama gefe biyu na facin a ja da ƙarfi, a tsaye da a kwance. Idan wani bakin zare ya leƙo, a mayar da shi cikin allura a sake bin hanyar.